Kit na roka mai gilaida: duba katako da ƙugiya kafin hoton kwali

Wahalar roka mai gilaida, wato ƙaramar rokar wasa mai fiffike da ke saukowa tana shawagi kamar jirgi mara inji, ita ce, abu ɗaya ake so ya yi aiki biyu da ba sa ga maciji da juna. Lokacin hawa ana so ya miƙe sama sak da gudu mai tsanani, kuma a wannan lokacin fiffike cikas ne kawai, don duk iskar da ya kama karkatar da rokar za ta yi. Da inji (ɗan bututu ne cike da albarushi) ya mutu kuma, wannan fiffiken dai shi ake so ya ɗauki nauyin komai, ya riƙa kewayawa a hankali har ƙasa. Kowane kit, wato kwalin guntayen da kake haɗawa da kanka, da za ka gani hanya ce ta sasanta waɗannan biyun, kuma ba kowace hanya ce ta dace da mai farawa ba.

Tun farkon shekarun 1960 ake wannan kokawa. Kamfanin Estes, wanda Vern Estes ya kafa a 1958 a jihar Kolorado ta Amurka, ya fitar da Space Plane mai inji a baya, da 'yan faifai a ƙarshen fiffike waɗanda ke ɗagawa idan injin ya fice. Ba a jima ba Larry Renger ya zana Sky Slash, ya ɗauke injin ya kai shi gaba, bisa hancin jirgin. Nauyi a gaba yana sa hawa ya daidaita, idan nauyin ya tafi kuma sai a bar jirgi mara nauyi da ya iya shawagi. Daga wannan dabarar aka samu irin da nake ba kowa shawarar ya fara da shi, wato mai kwanson inji da ke saɓulewa.

Ga yadda yake. Injin yana cikin wani siririn bututun kwali mai hancinsa daban. A ƙasan bututun akwai ɗan katako mai ƙugiya, ita kuma tana shiga wani rami a hancin gilaidar. Muddin inji na turi, turin ne ke danne ƙugiyar cikin ramin. Idan an kai ƙololuwa, ɗan albarushin da ke saman inji ya tashi, ya cilla hancin kwanso gaba, kwanson ya yi baya, ƙugiya ta zame. Kwanso ya sauko da zirin leda a bayansa, gilaida ta saura ita kaɗai, ba ta ɗauke da komai sai katakonta.

Dalilina na farko shi ne babu abin da ke motsi a jikin gilaidar. Ba roba, ba zare, ba maɗauri. Abin da ka daidaita da hannunka a fili shi ne zai yi shawagi a sama, ba wani abu da ya sauya siffa a hanya ba. Na biyu, ƙonannen inji da bututunsa ba sa bin ta, don haka tana daɗewa a sama fiye da kowace irin da ke riƙe injinta. Na uku, gyara: fiffike ya karye, gam da 'yan mintuna sun isa, kwanso ya ƙone, ka sake wani ba tare da ka taɓa gilaidar ba. In kuma iska mai ɗumi ta ɗauke ta ta yi gaba da ita (kuma za ta yi, gilaida mai kyau ita ce ke ɓata), kwanson yana hannunka, rabin aikin ke nan. Kit ɗin Deltie na kamfanin Edmonds Aerospace ya yi suna a wannan layin saboda guntayensa kaɗan ne kuma suna shiga juna ba gardama, amma tsarin nake yaba wa, ba suna ɗaya ba. Duk kit na balsa (wani katako ne mara nauyi) mai kwanson da ke saɓulewa, mai ƙaramin inji, daga kamfanin da ya san aikinsa, zai wadatar.

Sauran ba za su ɗauke mu lokaci ba. Mai goyo, irin Orbital Transport na Estes, roka ce ta yau da kullum da aka maƙala wa ɗan jirgi a baya: tana da kyau a kan teburi, amma shawagin ɗan jirgin bai kai ya kawo ba. Mai tofar da injinsa tsirara ya fi kowa sauƙin haɗawa, sai dai ƙonannen inji na faɗowa ba abin da ke rage masa gudu, ƙungiyoyi da dama ba sa son haka. Mai fiffiken da ke zamewa ko buɗewa da roba, wanda wuta ke ƙona zarensa a sama, kit na biyu ne ko na uku. Shi za ka nema in kana da niyyar shiga rukunin gasar da NAR, ƙungiyar masu wasan roka ta Amurka da aka kafa a 1957, ta ce dole komai ya sauko a haɗe. Mai rimot wani wasa ne daban. Na soso da aka haɗa tun daga masana'anta kuwa, abin wasan yara ne.

To, a cikin irin da na zaɓa ɗin ma akwai mai kyau akwai tarkace, kuma abu biyu ke raba su.

Ƙugiya ita ce ta farko. Zamanta a rami kamar hula ne a ka, kada ta yi sakwa-sakwa iska ta ɗauke, kada kuma ta matse. In ta matse, kwanso ba zai saki ba, su biyun su faɗo tare da ka. In ta yi sako-sako, gilaidar za ta zame tun tana kan sandar harbawa. Gwajin ba wuya: riƙe kwanso hancinsa na sama, gilaida ta rataya ba ta faɗi ba, juya shi hancinsa ya kalli ƙasa, ta zame da kanta ko da ɗan girgiza kaɗan. Kit mai kyau yana zuwa da ƙugiyar da aka yanka da leza ko aka zuba ta da roba, ta yadda ɗan gogen sanfefa ya isa. Wanda takardarsa ta ce ka sassaƙa ƙugiyarka da kanka daga guntun katako, ba tare da zane mai girman gaske ba, ajiye shi. Ka kuma duba tsawon igiya da zirin ledar kwanso, domin in sun yi yawa sukan naɗe wutsiyar gilaida su biyun su sauko suna katantanwa, abin da masu wasan ke kira Red Baron.

Na biyu katako, kuma a nan ne aka taɓa cutata. Wani mai sayarwa a intanet ya aiko min da kit da hotonsa ba laifi, amma da na ɗora fikafikan biyu a tafin hannu, na dama ya fi na hagu nauyi ƙarara, kuma na hagun ya lanƙwashe. An yanko su daga allo biyu daban. Babu yumɓun da zai gyara wannan, jirgin ya riƙa kifewa gefe ɗaya duk yadda aka yi da shi. Balsa ba iri ɗaya ba ce. Wadda ake gasa da ita nauyinta fam 4 zuwa 6 ne a kowace ƙafa kubik, ta gama-gari kuwa takan ninka haka. Ga fiffike ana son mai ɗigo-ɗigo a fuska, don ita ce ba ta saurin lanƙwasa, kuma zaren katakon ya bi tsawon fiffiken. Gangar jiki ita ce ke son katako mai ɗan tauri, don ita ke shan duka a sauka. In kana iya buɗe leda kafin ka biya, ɗora allon a kan gilashi ka ga ko ya kwanta, ka ɗaga shi ga haske ka ga ko ɓangarorin biyu sun yi kama.

Masu ha'inci sun san yawancin masu saye ba su taɓa riƙe balsa ta gaske ba. Akwai masu yanka wani katako mai nauyi ko siririn filawud su rubuta balsa. Akwai masu kwafe zanen wani kamfani ba izini, su yanka shi a allon da kaurinsa bai yi daidai da na asali ba, sai ramuka su ƙi karɓar haƙoransu. Akwai masu ɗaukar jirgin da ake jefawa da hannu su liƙa masa kalmar roka a talla, alhali babu bututun inji a ciki, babu ma ɗan bututun da sandar harbawa ke bi. Duk tallar da ba ta nuna hoton kayan ciki a shimfiɗe ba, sai zanen kwamfuta na jirgi a cikin gajimare, wuce ta. Duk wadda ba ta faɗi injin da ya dace ba, mai ita bai taɓa harba abin ba. Haka tsofaffin kit da ake tallatawa a matsayin kayan tarihi: in an taɓa buɗe ledar, ka nemi hoton kowane guntu, domin ƙugiya da hancin kwanso su ne ke fara ɓacewa, kuma balsar da ta sha shekaru a wuri mai danshi ta riga ta karkace.

Ha'incin inji ya fi wannan haɗari. Injin albarushi da ya sha zafi da sanyi a jere, ko ya faɗi a kan siminti, yakan tsage a ciki ba a gani, ranar harbawa sai ya fashe ya watsa kwanson. Kada ka sayi inji tsirara daga hannun wanda ba ka san inda ya ajiye shi ba, balle wanda aka ce haɗin gida ne. Sayi wanda ke rufe cikin ledar kamfani, mai shaidar gwaji, kuma ka bincika dokar ƙasarka tukuna, don ba ko'ina ake barin a aiko shi ta gidan waya ba, jirgin fasinja kuwa ba ya ɗaukarsa.

Rubutun jikin inji ma ma'auni ne na kit. A rubutu irin B4-2, harafin yana nuna jimillar ƙarfin injin, kuma kowane harafi ninkin wanda ya gabace shi ne: A ya tsaya a nutan-daƙiƙa (ma'aunin jimillar turi) 2.5, B a 5, C a 10. Lamba ta tsakiya matsakaicin turi ce, ta ƙarshe kuma daƙiƙun jira kafin kwanso ya saki. Gilaida na son turi mai laushi da jira gajere, don fikafikanta na rage mata gudu da wuri. Shi ya sa za ka ga 1/2A3-2T a kan ƙananan kit masu inji milimita 13, B4-2 kuma a kan masu milimita 18. Kit ɗin farawa da ke alfahari da C ko D, ko dai ya yi nauyi, ko fikafikansa su tsinke a hawa. Ƙaramin inji yana kuma rage maka filin da kake bukata: ƙa'idar NAR ta nemi faɗin ƙafa 100 ga A, 200 ga B, 400 ga C, ita gilaida kuwa ta fi roka yawo nesa.

Akwai abubuwan da ba sa cikin kwali, ka lissafa su tun yanzu: gam na katako, sanfefa mai laushi, yumɓun wasan yara, takardar tare wuta da ake cusawa tsakanin inji da zirin leda, sandar harbawa, da na'urar kunnawa mai batir wadda wayarta ta kai aƙalla ƙafa 15. Fenti ba ya cikin lissafin. Nauyi ne, kuma a wutsiya yake taruwa. Alƙalamin maka mai launi mai ƙarfi ya isa ka hango jirgin a ciyawa.

Ka ga ko takardar kit ɗin ta yi bayanin daidaitawa, don kamfanin da ya tsallake wannan shafin bai damu da ko abin zai tashi ba. Kafin inji ya taɓa ta, ana jefa gilaidar da hannu a kan ciyawa ranar da ba iska, hancinta ɗan ƙasa kaɗan. In ta ɗaga hanci ta tsaya ta faɗo, ƙara yumɓu a hanci gwargwadon ƙwayar wake ko ƙasa da haka. In ta nutse, rage. Idan ta fara tafiya sumul, liƙa ɗan mitsitsin yumɓu a bakin fiffike ɗaya don ta riƙa kewaye mai faɗi, in ba haka ba za ta miƙe ta bar filin. Ranar harbawa kuma ka ɗaure wayoyin kunnawa a wata sanda daban a gefe, saboda injin yana can sama wutsiya na ƙasa, kuma wayar da ta saki takan faɗo ta kama wutsiyar kafin jirgin ya bar sandarsa.