Supra ko Skyline R34: me ake saya da wannan uban kuɗin?

Ɗan'uwa, tambayarka ta jiya ta kwana a raina. Ka ce ka ga an yi gwanjon tsohuwar Toyota Supra a Amurka da kuɗin sababbin motoci huɗu, aka kuma ce maka Nissan Skyline GT-R R34 ta fi ta tsada, shi ne kake son sanin wacce ta fi, da dalilin da mota mai shekara ashirin da ɗoriya za ta riƙa ƙara daraja, alhali mun saba kullum faɗuwa mota take yi. Bari in jera maka su.

Suprar da ake rububi ita ce samfuri na huɗu, wadda ta fito a 1993. A lokacin ba ta yi kasuwa ba. Kuɗin Japan ya yi ƙarfi, farashin mai turbo ya kai wajen dala dubu 40, masu saye suka ja baya, har Toyota ta daina kai ta Amurka bayan 1998, aka rufe ƙera ta gaba ɗaya a 2002. Sirrinta yana cikin injin 2JZ-GTE: lita 3, silinda shida a jere, turbo biyu, ƙarfin doki 320 a wadda aka kai Amurka. Gangar jikin injin zubin ƙarfe ce mai kauri, tana ɗaukar ninkin wannan ƙarfin ba tare da ta tsage ba. To wannan ƙarfin ne ya cinye ta. Da ta faɗo hannun samari a matsayin ta hannu, kowa sai ya cire turbo biyun ya ɗora guda ƙato, ya canja salansa, ya sauke ta ƙasa, ya sake mata fenti. Wasu suka ƙare a jikin bishiya. Yau idan aka ce a nemo mai giyar hannu shida wadda bakanike bai taɓa sa mata sifana ba, sai an tona. Shi ya sa a Janairun 2019 wata 'yar 1994 da ta yi tafiyar mil dubu 7 kacal ta tashi a dala 121,000 a gwanjon Bring a Trailer, bayan wata biyu kuma gidan gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da wata mai mil 11,200 a kan dala 173,600.

Ita R34 hanyarta daban. Daga 1999 zuwa 2002 aka ƙera ta, duka-duka ba su kai dubu 12 ba. Injinta RB26DETT ne, lita 2.6, shi ma silinda shida da turbo biyu, amma ita ƙafa huɗu take ja, Supra kuwa ta baya kawai. A takarda an rubuta mata doki 280 saboda yarjejeniyar da kamfanonin Japan suka yi a tsakaninsu cewa ba mai wuce wannan adadin, amma duk wanda ya auna ya san ta haura. A tsakiyar dashbod akwai ɗan allo mai nuna zafin bakin mai da matsin turbo, abin da a 1999 ya sa yara suka riƙa kallonta kamar jirgin sama. Babban abin dai shi ne Nissan ba ta taɓa sayar da ita a Amurka ba, kuma dokar can ta hana shigo da irin wannan mota sai ta cika shekara 25 daga watan da aka ƙera ta. Sai Janairun 2024 na farkon suka halatta. Tun kafin ranar 'yan kasuwa suka saye su a Japan suka kulle a rumbuna suna jira, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ƙarancin Supra mutane ne suka jawo shi da hannunsu, na R34 kuwa daga kamfani da doka ya zo.

Masu sayen kuma mutane ɗaya ne. Yaran da suka yi wasan Gran Turismo a PlayStation tun daga 1997, suka kalli Paul Walker a fina-finan Fast and Furious daga 2001, su ne yau 'yan shekara arba'in masu abin hannu. Suprar da ya tuƙa a fim ta tashi a dala 550,000 a 2021, R34 ɗinsa kuma gidan gwanjo na Bonhams ya sayar a 2023 sama da dala miliyan 1.3. Ka ajiye waɗannan biyun gefe, kuɗin suna ne. Abin da ya shafi sauran shi ne giyar hannu tana ɓacewa a sababbin motoci, kuma mutum yana son ya riƙe abin da ya yi mafarkinsa yana yaro.

Sai batun mita, inda na fi son ka tsaya. A 2021 an yi gwanjon wata R34 V-Spec II Nür, samfuri na musamman da aka fitar a 2002, a Japan, kilomita 10 ne a mitarta, ta tashi sama da yen miliyan 60. Wallahi wannan motar tausayi take ba ni. An ƙera ta don gudu, ta shekara goma sha tara a rufe, kuma wanda ya saye ta ba zai iya tuƙa ta ba, domin kowane kilomita da ya ƙara, daga aljihunsa yake fita. Ga shi zama ma ciwo ne ga mota. Robobin inji suna bushewa su fara zubar da mai, man birki yana shan danshi, fetur yana tsami a tanki ya toshe famfo. Taya za ka gan ta da zanenta cif kamar sabuwa, ka duƙa ka duba gefenta ka tarar duk ta tsattsage, lambobin da ke jikinta suna nuna shekarar da aka yi ta tun kafin a haifi ɗanka. Bel ɗin inji kuwa shekaru ma yake ƙirgawa, ba mita kaɗai ba.

Mu da muka san yadda ake murɗa mitar motocin kwatano ba sai an yi mana wa'azi ba. Lambar da ke mita ba komai ba ce sai da takardu: rasidan sabis, takardun binciken mota na Japan da ake sabuntawa duk shekara biyu, da shaidar jikin motar kanta. Dubi robar kulochi, dubi gefen kujerar direba inda cinya ke goga, shafa fatar sitiyari. Motar da ta yi kilomita dubu 15 ba za ta yi santsi a waɗannan wuraren ba.

Wacce ta fi ke nan? Idan ajiyar kuɗi kake nufi, R34 ta fi tushe, don adadinta a ƙirge yake, kuma 'yan 2002 masu tambarin Nür sai 2027 suke cika shekara 25 ɗin da dokar Amurka ta gindaya. Amma kada ka ɗauka hawa ne babu sauka. Kasuwar motocin ajiya ta ɗan lafa bayan zazzaɓin 2021 da 2022, ga inshora, ga kuɗin wurin ajiya marar danshi duk wata. Idan kuwa tuƙi kake so, Supra nake ba ka shawara ba tare da shakka ba. Akwai mai sitiyarin hagu, R34 kuwa duk na dama ne, kuma tun da Najeriya ta koma bin hannun dama a 1972 irin wannan sitiyarin matsala ne wajen shigowa da rajista. Injin Supra ya fi haƙuri, Toyota ma ta dawo da ƙera mata wasu kayan gyara tun 2020, kamar yadda Nismo, sashen motocin tsere na Nissan, ke yi wa Skyline.

Ni da za a ba ni zaɓi, mai kilomita dubu 100 zan nema, wadda mutum ɗaya ko biyu suka riƙe da amana, turbo biyun kamfani suna nan, rasidanta cike da jaka. Ba za ta kai kuɗin ta gwanjo ba, kuma zan iya tayar da ita da asuba in bar inji ya ɗumama, in hau titi in ji turbo na biyu ya shigo a wajen juyi dubu 4.