Ledar fizo ko faifan fizo: wanne ya dace da kati mai magana?

Malam, ka ce kana son haɗa katin gaisuwa mai kiɗa da kuma 'yar tsana mai ɗaukar murya ta maimaita, an kuma gaya maka ledar fizo ɗaya (wata siririyar roba mai mai da motsi wutar lantarki, ta kuma mai da wuta motsi) za ta tsaya maka a matsayin lasifika da makirfo. Ita za ka nema, ko faifan fizon nan da aka saba ji yana ƙara a katuna masu kiɗa? A ganina ledar kunne gare ta, amma bakinta ba shi da ƙarfi. Faifan kuwa yana da baki, sai dai fito ya fi iyawa.

Asalinsu ɗaya. Tun 1880 Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano a Faransa cewa akwai abubuwan da in an matsa su suna ba da wutar lantarki, a 1881 kuma suka tabbatar cewa in an ba su wuta sai su motsa; wannan hali shi ake kira fizo. Faifan tangaran ne da ake kira PZT, manne a kan tagulla. Ledar kuma roba ce, PVDF, wadda Heiji Kawai ya gano wannan hali nata a Japan a 1969. Ana yin ta da kaurin maikiron 28, 52 ko 110 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), ta farkon ma ba ta kai kaurin gashin kai ba.

Wajen fitar da sauti ne suka rabu. In ka ba su wuta daidai wa daida, motsin tangaran ya ninka na leda kusan sau goma. Batirin nan mai kamannin kwabo, mai bolt 3, ya ishi faifai ya yi ƙara. Ledar sai ka kara ta a kunne kafin ka ji wani abu, don bolt gommai take so. Ka ga ke nan sai ka ƙara na'urar ɗaga wuta, sirantakar da ta ja hankalinka ta tafi. Sannan ledar ba gaba da baya take motsi ba, miƙewa take yi tana tsukewa. Ɗauki takarda ka ɗan lanƙwasa ta, ka riƙe gefunanta biyu ka matso su kaɗan, za ka ga tsakiyar ta kumburo. Haka ake ɗaure ledar kafin ta tura iska, in a shimfiɗe take ba abin da za ka samu. Ba wai ba ta iyawa sam ba: kamfanin Pioneer ya yi abin sa wa a kunne da ita a shekarun 1970, amma da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a bayanta, kuma a jikin kunnen take.

Faifan ma ba waliyyi ba ne. Ƙararsa ta fi tashi a tsakanin haz 2,000 zuwa 6,000 (haz shi ne yawan girgiza a daƙiƙa ɗaya) gwargwadon faɗinsa, shi ya sa kiɗan irin waɗannan katuna yake da tsini. Ga kati wannan ya wadatar. Muryar mutum kuwa za ta fito kamar daga cikin gwangwani, don haka 'yar tsanar ka sa mata ƙaramar lasifika mai koyil (naɗaɗɗiyar waya) da maganaɗisu, mai om 8 (om ma'aunin juriya ga wuta ne).

Ta fuskar ji, ledar ta yi fice. Ba ta da nauyi, tana bin jikin abu ko da zagayayye ne, ba ta buƙatar batir, kuma ba ta fifita sauti ɗaya kamar faifai. Amma girgizar jikin da aka manna ta take ji fiye da maganar da ke yawo a iska. In so kake abin ya farka idan an taɓa shi, an ƙwanƙwasa ko an matse, ita ce. In muryar yaro kake son ɗauka, ƙaramin makirfon nan na yau da kullum da ake kira elektaret ya fi, da shi ma aka tsara yawancin ƙananan allunan ɗaukar murya.

Ledar tana da sharuɗɗa. Wutar da take bayarwa ba ta da ƙwari, sai an haɗa ta da na'urar da mashigarta ke da juriyar om miliyan 1 zuwa 10, in ba haka ba sauti mai kauri ya ɓace. Wayarta ta zama gajera mai sulke, don tana kwasar gunjin wutar gida. Zafi kuma abokin gabanta ne, daga wajen digiri 80 take fara rasa halinta har abada, saboda haka kada ka kai mata ƙarfen soda. Nemi wadda ta zo da wayoyinta a maƙale.

Tunda yara za su riƙe, ka tuna faifan yana tsagewa in an lanƙwasa shi, kuma akwai dalma a cikin tangaransa. A rufe shi ruf, shi da batirin, inda hannu da baki ba za su kai ba.