Lauyar kyauta a ƙasan coci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanakin baya na dawo daga aiki na tarar an manna mini takarda a ƙofa: kamfanin da nake haya a gidansa ya kai ni kotu, yana so a fitar da ni. Kuɗin wata guda ne na makara, saboda an rage mana awannin aiki, sai suka ɗora tara, tarar ma ta yi 'ya'ya. A Amurka babu Alhajin da za ka je ka durƙusa wa ka ce a yi haƙuri zuwa ƙarshen wata. In ka buga waya, na'ura ce za ta amsa maka.

Wani abokin aikina ɗan Habasha ya ce in je cocin unguwarsu ranar Asabar, akwai lauyoyi. Na daɗe tsaye a bakin ƙofa ina kallon gicciye, ina tunanin abin da mutanen gida za su ce. Ɗakin ƙasa aka kai ni, kujerun roba cike da mutane, kowa rungume da ambulan. Lauyar dattijuwa ce, kanta fari fat. Ta tambaye ni ko ina so ta yi mini addu'a, na ce na gode, ina da tawa. Ta yi murmushi ta jawo takardar hayar, ba ta sake ta da zancen ba. Layi-layi ta bi ta da biro har ta gano wani ɓangare na tarar babu shi a abin da na sa wa hannu. Sannan ta ja mini kunne: kada in kuskura in ƙi zuwa kotu, don wanda bai je ba a bayan idonsa ake yanke hukunci, tabon kuma ya bi shi duk inda ya nemi haya. Ta ce kamfani ba shi da hurumin canza mini makulli ko yanke wuta. Da wasiƙarta aka sasanta, na biya kashi-kashi. Ko sisi ba ta karɓa ba.

Ga dalilin da coci ta shiga harkar. Tun 1963 Kotun Ƙoli ta wajabta ba talaka lauya in ana tuhumarsa da babban laifi, amma rigimar haya da bashi, kai da aljihunka. Majalisa ta kafa hukumar Legal Services Corporation a 1974 don tallafa wa irin waɗannan shari'o'i, sai dai masu nema sun fi ƙarfinta. Sai a 2017 birnin New York ya zama na farko da ya ba talakan ɗan haya haƙƙin samun lauya. Masu addini na cikin waɗanda ke toshe sauran giɓin. A Indianapolis akwai wata cibiyar lauyoyi ta Kirista da ke wannan aiki tun 1994.

Ba aljanna ba ce fa. Kafin a saurare ka sai ka kawo shaidar albashi, shaidar banki, shaidar shaida. Layi ya yi tsawo, da yawa kuma shawara kawai suke samu, su shiga kotu su kaɗai. A layin nan na yi kewar gida, inda maƙwabci ɗaya ko mai unguwa zai kashe wutar kafin magariba.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. A can gida ne kuma mai gidan haya ke kwance wa ɗan haya kwanon rufi da damina, a ce masa ya bar wa Allah. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba zakka. Muna da lauyoyi masu sahun gaba, muna da attajirai masu gina masallaci a jikin masallaci. Me zai hana a ware shago ɗaya na waƙafi, lauya ya zauna bayan Juma'a yana karanta wa zawarawa da 'yan fansho takardunsu?

Na kai wannan shawara ga kwamitin masallacinmu na nan. Suka saurare ni da kyau, suka sa albarka, suka ce bana kuɗin na sabuwar darduma ne da faɗaɗa wurin ajiye motoci.