Hattara da masu sayar da The Final Shape a kan rabin kuɗi, asusunka suke hari

'Yan uwa masu buga wasan bidiyo na Destiny 2, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa ko kwabo. Wani abokinmu da muka kwashe shekara huɗu muna wasa tare ya rasa asusunsa na Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta, a dare ɗaya, kuma abin ya tsaya mini a rai, domin ni na riƙa matsa masa ya sayi The Final Shape, ƙarin babin wasan, mu shiga Salvation's Edge, yaƙin haɗin gwiwa da ke cikinsa, mu shida.

Wani ne ya aiko masa da saƙo cewa yana sayar da wannan ƙarin babin a kan rabin farashi, wai yana da hanyar saye da kuɗin Turkiyya. Ya haɗo da hotunan mutanen da suka saya suna ta godiya. Da abokin namu ya biya, sai mutumin ya ce ba a iya turo ƙarin babin kai tsaye, dole sai ya shiga asusun da kansa ya saka, minti goma kacal. Ya karɓi suna da kalmar sirri, sannan ya nemi lambar nan mai harafi biyar ta Steam Guard, wadda ake tabbatar da mai asusu da ita. Wasan kuwa ya buɗe. Abokin namu ya shiga Pale Heart, sabon wurin da babin ya kawo, ya fara gwada Prismatic, sabon salon ƙarfin jarumi, har ya kira mu yana murna. Washegari da ya zo shiga, an canza imel, an canza kalmar sirri, mai sayarwa kuma ya toshe shi.

Maganar Turkiyyar ma tsohon zance ne. Tun watan Nuwamba na 2023 Steam ta daina sayar da wasanni da kuɗin Turkiyya da na Ajantina, ta mayar da su kan dalar Amurka. Ba a kuma canza ƙasar asusu da baki, sai an yi sayayya da hanyar biyan kuɗi ta wannan ƙasar, ɓoye inda kake don samun rahusa kuwa ya saɓa wa yarjejeniyar da kowa ya amince da ita ranar da ya buɗe asusu. Ko da mutumin gaskiya yake faɗa, asusunka ne zai ɗauki laifin, shi ya riga ya ci kuɗinsa.

Abin da nake so kowa ya gane shi ne, ƙarin babi ba wani fayil ba ne da ake kwafowa a zuba maka a kwamfuta. Tun Oktoban 2019 ainihin wasan kyauta ne, kowa na iya saukewa. Abin da kake biya wa kuɗi izini ne da ake rubutawa a kan asusunka na Steam ko PlayStation ko Xbox ko Epic, shi ya sa ma wanda ya haɗa asusunsa da Cross Save, tsarin da ke ba ka damar wasa da jarumanka a na'urori daban-daban, ba ya samun babin da ya saya a PlayStation idan ya koma kwamfuta, sai ya sake saye. Izinin nan kuwa sai an biya shagon kafin ya fito. To wanda ya ce zai ba ka a rabin kuɗi, wa ya cike ragowar? Galibi katin bankin wani bawan Allah ne da aka sace. Ranar da mai katin ya ga an cire masa kuɗi ya kai ƙara banki, a janye kuɗin, shagon ya soke sayayyar. Idan kyauta aka turo maka ko lambar buɗe wasa, sai ka wayi gari babin ya kulle. Idan kuma a cikin asusunka aka yi amfani da katin, to sunanka ne a kan cinikin, kai za a takura wa asusu.

Akwai masu wani salon a PlayStation. Su ba ka wani asusu da aka sayi wasan a ciki, su ce ka mayar da na'urarka ta zama babbar na'urar asusun. Zai yi aiki na ɗan lokaci. Amma imel ɗin a hannunsu yake, asusu ɗaya kuma su sayar wa mutum nawa suka ga dama, duk ranar da suka so su kore ka.

Hasarar kuɗin ba ita ta fi ciwo ba. Duk wanda ya daɗe a wasan nan ya san abin da ke cikin ma'ajiyarsa: bindigar da ya yi wata biyu yana nema kafin ta faɗo da siffofin da yake so, sulken da ya zuba wa kaya har ya kai ƙarshe, jarumai uku da ya raina tun zamanin babin Forsaken a 2018. Ɓarawon da ya shiga zai iya narkar da su duka cikin 'yan mintuna, ko ya goge jarumin gaba ɗaya, kuma ƙa'idar Bungie, kamfanin da ya yi wasan, ita ce ba ta dawo da jarumin da aka goge ko makamin da aka narkar. Wasu kayan ana iya sake cirowa daga Collections, kundin kayan da ka taɓa samu, amma bindigar da ta zo da siffofin sa'a, ta tafi kenan. Ko kuma ya kunna manhajar maguɗi da asusunka, BattlEye, manhajar kama masu maguɗi da aka saka tun 2021, ta kama shi, a haramta wa asusun wasa, kai da ba ka ji ba ba ka gani ba.

Wata alama da na lura da ita a tallan mutumin nan bayan abin ya faru: ya rubuta cewa kunshinsa ya haɗa da labarin Red War da na Forsaken cikakku. An cire Red War daga wasan a Nuwamban 2020, an cire labarin Forsaken a Fabrairun 2022. Abin da Bungie kanta ba ta sayarwa, shi yake tallatawa.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ya yi haƙuri ya jira. Tsofaffin babuka irin su The Witch Queen da Lightfall suna sauka ƙasa sosai a lokutan rahusar Steam na bazara da na ƙarshen shekara, haka ma a shagunan PlayStation da Xbox. Ka saya a cikin shagon da kanka. Lambar Steam Guard kuwa taka ce kai kaɗai, ma'aikatan Steam ma ba sa tambayarta. Kada kuma ka ɗauki hoton lambar QR da wani ya turo maka da manhajar Steam ta waya, domin yin hakan buɗe masa ƙofa ne.

Idan ka riga ka ba da bayananka, maza ka canza kalmar sirrin imel ɗinka tukuna, sannan ta Steam, ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, ka leƙa shafin Bungie ka ga ko an liƙa wani baƙon asusu a Cross Save ɗinka. Idan an riga an kulle ka a waje, ka rubuta wa sashen taimako na Steam da shaidar tsohuwar sayayyarka, rasit ko bayanin katin da ka taɓa biya da shi. Abokin namu ya tura nasa rasit ɗin yana jiran amsa. Ranar Talatar da ta wuce, da wasan ya sabunta ayyukan mako, mu biyar muka hallara.