Buhun yashi, bulo ko injin jan ruwa: me ya kamata ka saya kafin ruwan Agusta?

Daminar Sakkwato gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma idan Agusta ya kama, ruwan sa'a biyu ya isa ya mai da layi rafi. Mutanen unguwar Mabera sun san haka. Ambaliya irin ta 2010, wadda ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta fi ƙarfin aljihun magidanci. Maganarmu a kan ruwan unguwa ne, wanda lambatu ke amayowa idan leda da shara sun toshe shi.

Kafin ka fitar da ko sisi, duba ta inda ruwan ke shigo maka.

Idan ta ƙofar zaure ne, buhun yashi ya fi komai araha. Kada a cika shi dam, rabi da ɗoriya ya isa, don ya kwanta ya manne da ɗan'uwansa. A jera kamar ginin bulo, a sa leda mai kauri ta gefen ruwan. Sai dai ranar garin nan ba ta raga wa buhu, ba a jimawa yake ruɓewa ya zubar da yashin cikin lambatun da ake kuka da shi. Ya dace da ɗan haya.

Mai gidan kansa gara ya kira birkila ya ɗaga dokin ƙofa da layi biyu na bulo inci 9, a cike ramukansa da kankare, a yi gangare saboda babur da tsofaffi. A ganina nan ne kuɗi ya fi yin amfani. Amma akwai abin da ake yawan mantawa: bututun da ke fitar da ruwan tsakar gida. Lambatu na cika, ta nan ruwan zai juyo ciki, har da ƙazantar layi. A sa masa murfin da za a iya toshewa. Idan katangar ta ƙasa ce, a yaɓe gindinta da siminti, a kuma ƙara tsawon indararo don kada ya riƙa zuba a jikinta.

Inji kuwa sai ga gidan da titi ya fi shi tudu, inda ruwa ba shi da mafita. Mai amfani da lantarki ba shi da ƙara, amma hadari na haɗowa ake ɗauke wuta, ga haɗarin waya cikin ruwa. Na fetur, irin na masu noman rani a fadama, shi ne abin dogaro. Mai bakin inci 2 yana jan kusan lita 500 a minti, ya ishi gida ɗaya. Mai inci 3 sai dai maƙwabta su yi karo-karo. Ka tabbata an haɗa maka da tiyo da rariyar bakinsa, a tayar da shi a gabanka kafin ka biya. Kuma a waje ake kunna shi, hayaƙinsa na kisa a cikin ɗaki.