Garin da babu mai wankin hula

Salamu alaikum daga Manchester. Masu tambayata abin da na fi kewa bayan shekarun nan, yawanci jira suke in ce tuwo ko fura. Ba su ba ne. Garin masara, kuɓewa, manja, har kuka da daddawa ana samu a shagunan 'yan Afirka na Moston da Cheetham Hill, tsada ce kawai. Abin da kuɗi ba ya saya a garin nan shi ne mai wankin hula.

Gab da ƙaramar Sallah na ɗauki hulata Zanna Bukar, ɗinkin Bama, da shaddata guda, na kai wani shagon wanki da guga a unguwarmu. Yarinyar da ke kan kanta ta ɗaga hular da yatsu biyu, ta jujjuya ta, ta tambaye ni ko rigar butar shayi ce, irin wadda tsofaffinsu ke kifa wa buta don kada shayi ya huce. Ta kira abokiyar aikinta suka yi ta dariya, ga mutane a layi bayana. Na danne zuciyata, na ce mata wannan hula ce, da hannu ake wanke ta, kada a jefa a inji. Ta ce ta gane. Ranar karɓa aka miƙo mini ita cikin leda ta yi laƙwas. An ninke ta biyu an bi ta da dutsen guga har kari ya fito mata a tsakiya, jan zaren ya zuba ya rine farin. Shaddar kuwa an kashe mata sheƙi gaba ɗaya.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai, kuma ba don kuɗin ba. Hula irin wannan wani ne ya zauna makonni yana bin ta da allura, zare bayan zare. Da yawa cikin masu ɗinkin mutanen Bama ne da rikicin Boko Haram ya koro zuwa Maiduguri a 2014, da allurar nan suke ciyar da iyali. Aikinsu ne aka yi wa dariya a gabana, sannan aka lalata shi.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta. Da na nemi manajan shagon, bai ce mini ƙaddara ce ba, bai ce in yi haƙuri haka Allah ya so ba. Ya duba rasit, ya ba ni haƙuri, ya tambayi kuɗin hular, ya biya. Suna da dokar kare haƙƙin mai saye ta 2015 wadda ta wajabta wa duk mai karɓar aiki ya yi shi da kulawa da ƙwarewa, kuma suna tsoronta. Mu ma muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC a gida, to amma wa ya taɓa jin an kai mata ƙarar mai wanki don ya ƙona riga? Sai dai a taru a ba ka baki, ka tafi da asararka.

Duk da haka kuɗin da ya ba ni bai dawo da hular ba, kuma bai samar mini wanda zai wanke sauran ba. A nan hannun mutum ne mafi tsada. A Afrilun 2025 an mayar da mafi ƙarancin albashin mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 a awa. Ku ɗora kuɗin hayar shago da haraji, ku ga nawa wankin hula ɗaya zai kama idan mutum zai zauna ya goge ta da buroshi, ya sa sitaci, ya ɗora ta kan ice. Sannan ina ranar da za ta busar da ita? Garin nan yayyafi ne safe da yamma. Na gwada da kaina a banɗaki, na kifa ta kan ƙaramar tukunya kusa da hita, ta bushe a karkace. Yanzu abin da muke yi, duk wanda zai je gida ta Alƙahira ko Addis Ababa sai mu tara masa huluna, ya rage wa kansa kilo daga jakarsa, ya kai Kano a wanke, wani matafiyin ya dawo da su.

Abin mamakin shi ne kayan namu daga nan nahiyar suke fitowa. Shaddar Getzner da ake rububi a Kantin Kwari, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ake saƙa ta. Atamfar ABC, wadda iyayenmu mata ke kira 'yar Ingila, a Hyde ake buga ta, nan kusa da mu, kafin a mayar da aikin Gana. Sun iya yin yadin, amma abin da ke mayar da shi sutura yana can wurinku: mabugan da ke fito wa shadda da sheƙi, masu ɗinkin hannu na birnin Zariya da ke zuba aska takwas a babbar riga, da telan bakin layi da ke kallonka sau ɗaya ya san faɗin kafaɗarka. Telolin Pakistan na Longsight suna da kirki kuma sun iya aikinsu, sai dai ka kai musu kaftani su yanko maka shi irin nasu, wuya daban, hannu daban. Rage tsawon wando kawai ya haura fam goma, kuma sai ka jira ranar da aka rubuta maka.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na tuna yadda muke yi wa mutanen nan a gida. Alhaji zai saka hular dubban nairori, amma ya tsaya yana ciniki da mai wankinta a kan canji, ya karɓa ya ce "sai na dawo", daga nan shiru. Dattijo sa'an mahaifinka, ka tsaya daga cikin mota kana danna masa hon. Yaranmu kuma sun taso suna ganin sana'ar abin kunya ce. Ranar da tsofaffin nan suka ƙare, ku ma jakar huluna za ku riƙa neman inda za ku aika.

Teloli, ku ma ban ƙyale ku ba. Bara na aika yadi da kuɗi tun kafin watan Sha'aban ya kama, aka ce mini an yanka, aka ce saura maɓalli, aka ce wuta ce babu. Matafiyin ya taso ba kayan, na je Idi a filin Platt Fields da tsohuwar riga. Da aka matsa, ashe littafin da aka rubuta awona ne ya ɓace, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya mini. Mu da ke waje muna da yawa, daga nan har Jidda da Kuala Lumpur, kuma duk shekara muna da ɗinki da wanki. Ku adana awon mutane a waya, ku rage karɓar aikin da ya fi ƙarfinku a azumi, idan ba zai samu ba ku faɗa tun ranar da aka kawo yadin.