Injiniyan da ya duba mana madatsar lambu

Madatsarmu ba wata babba ba ce. Jinga ce ta ƙasa da marigayi mahaifinmu ya sa katafila ta tare wata ƙorama da ita a gonarmu, arewa da Daura. Da ruwanta muke noman rani: tumatir, attarugu da albasa. Shekara da shekaru ban taɓa kiran kowa ya duba ta ba, sai da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin akwai gidaje a gangaren tamu, kuma duk mutanen na san su.

Wani abokina ya haɗa ni da wani injiniyan ruwa a Katsina da ya yi ritaya, yanzu yana zaman kansa da yara biyu.

Da ya zo bai fara da awo ba. Ya naɗe ƙafar wando ya zagaya bayan jingar, wurin da ƙasa ba ta rabuwa da danshi ko da rani. Ya tari ruwan da ke tsattsafowa a gorar roba, ya ɗaga ta a rana. "Alhaji, matso ka gani. Kowace madatsar ƙasa tana ɗan yoyo. In ruwan garau ne, da sauƙi. In ya fito da laka, to cikin jingar yake ci." Namu kuwa ya ɗan gurɓace. Gabana ya faɗi.

Sai ya hango buhunan yashin da na jera a mafitar rarar ruwa don madatsar ta ƙara riƙe ruwa. Nan bai saurara min ba. Ya ce in ruwa ya rasa hanya zai haura kan jinga, kuma ƙasa ba ta jure wannan, kafin a ankara ya yanke ta. Ya tuna min da ta Bagauda a Kano, wadda ta ɓalle a 1988. A gabansa muka kwashe buhunan.

Ya nuna min ramukan gafiya, da suri, da turbar shanu da ta zaizaye gefe guda, da darbejiya biyu da nake alfahari da inuwarsu. Ya ce sara kaɗai ba ya isa, don saiwa in ta ruɓe hanyar ruwa take zama. A tone ta, a cike da yumɓu kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa. A jera duwatsu ta ɓangaren ruwa, a dasa kiri-kiri ta baya.

Ba ya karɓar kwangilar gyara, kulawa kawai yake yi, shi ya sa na yarda da maganarsa. Inda ban ji daɗi ba shi ne rahoton: sai da ya yi mako uku, kuma da Turanci ya zo, ɗana ne ya fassara min. Manomi ya fi buƙatarsa da Hausa. Kuɗinsa ma ba arha ba ne, amma ban yi da-na-sani ba.

Mai irin wannan madatsa ya kira shi da rani, lokacin da ruwa ya ja baya. Ni dai a ruwan Agustan da ya wuce na tsaya ina kallon rara tana bin mafitarta, na tari yoyon a gora, ya fito garau. Lambar mai unguwar gangare kuma tana cikin wayata, kamar yadda Injiniya ya umarta.